Legas: Makarantu Sun Yi Yawa, Amma Ingancin Ilmi Sai An Tona

Birnin Legas, wanda ya kasance hedikwatar Nijeriya har zuwa shekarar 1991, ya yi suna da tashar jiragen ruwa ta Apapa, da masana'antun Ikeja, da manyan kasuwanni irin su Balogun da Mile 12. Amma akwai wata kasuwa a birnin da ba a cika sa ta cikin lissafi ba, alhali kuɗin da ke juyawa a cikinta kowane zangon karatu ba kaɗan ba ne. Wannan kuwa ita ce kasuwar makarantu masu zaman kansu.

Wata ƙidaya da aka gudanar a tsakanin shekarar 2010 da 2011, da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Birtaniya, ta gano makarantu masu zaman kansu 12,098 a Jihar Legas, a lokacin da na gwamnati ba su wuce kimanin 1,600 ba. Ƙidayar ta nuna cewa kashi 57 cikin ɗari na ɗaliban jihar a makarantun kuɗi suke karatu, kuma kusan uku cikin huɗu na waɗannan makarantu ba su da amincewar Ma'aikatar Ilmi. Ma'anar wannan ita ce, samun gurbin karatu a Legas ba shi ne abu mai wuya ba. Abin da ke da wuya shi ne uba ya tabbatar cewa kuɗin da yake biya ilmi yake saye da su.

Tushen al'amarin

Legas ta daɗe da ilmin boko. A shekarar 1859 aka buɗe makarantar CMS Grammar School, wadda ita ce sakandare mafi tsufa a ƙasar nan, sannan gwamnatin mulkin mallaka ta kafa King's College a 1909. Musulmin birnin, da suka ga 'ya'yansu na fuskantar matsin canza addini a makarantun mishan, sai suka tashi tsaye. An kafa ƙungiyar Ansar-Ud-Deen a 1923 domin ta haɗa ilmin boko da tarbiyyar Musulunci, a 1948 kuma aka buɗe kwalejin nan ta Agege da yanzu ake kira Anwar-ul-Islam.

Shirin ilmin firamare kyauta na ƙasa baki ɗaya, wanda aka fara a 1976, ya zo daidai da kwararowar jama'a zuwa birnin sakamakon arzikin man fetur. Azuzuwa suka cika maƙil, har ya zama ana karatu kashi-kashi: wasu yara su zo da safe, wasu da rana. Da Alhaji Lateef Jakande ya zama gwamna a 1979, sai ya soke wannan tsari, ya gina dubban azuzuwa masu sauƙin kuɗi cikin gaggawa, waɗanda har yau jama'a ke kira makarantun Jakande. Gwamnatinsa ta kuma yi yunƙurin hana makarantun firamare masu zaman kansu, amma Babban Limamin Katolika na Legas, Anthony Okogie, da wasu suka kai ƙara, a 1981 kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da 'yancin ɗan ƙasa na ya buɗe makaranta.

Wannan hukunci ya buɗe ƙofa, matsin tattalin arzikin da ya biyo baya kuma ya tura jama'a cikinta. Daga 1986, lokacin shirin tsuke bakin aljihu na SAP, darajar albashin malamai ta faɗi, yajin aiki ya yawaita, gine-gine suka lalace. Iyaye masu hali suka fara janye 'ya'yansu, daga baya talakawa ma suka bi sahu. A 2001 gwamnatin Bola Tinubu ta mayar wa ƙungiyoyin addini, na Kirista da na Musulmi, makarantu 48 da gwamnati ta karɓe a baya.

Hawa uku na kasuwar

A yau ana iya kasa makarantun Legas gida uku. Akwai na gwamnati, inda ba a biyan kuɗin karatu, malamai kuma galibi masu takardar shaidar koyarwa ne, amma cunkoso ya yi yawa, musamman a unguwannin da birnin ya faɗaɗa cikin sauri kamar Alimosho da Ikorodu. Akwai makarantu masu tsada na Ikoyi, Victoria Island da Lekki, waɗanda wasunsu ke bin manhajar Ingila ko Amurka, kuɗinsu na shekara kuma ya kai miliyoyin Naira. Sai kuma kashi na uku, wanda shi ne mafi yawa: ƙananan makarantu masu rahusa da ke cikin lunguna a Ajegunle, Makoko, Mushin, Agege da makamantansu.

Ɗan kasuwa zai fi kowa saurin gane yadda wannan kashi na uku ke tafiya. Mai makaranta ba shi da wata hanyar samun kuɗi sai abin da iyaye suka biya, iyayen kuwa galibi masu neman na yau ne, suna biya kaɗan-kaɗan, wasu ma sai zango ya kusa ƙarewa. Daga cikin wannan zai biya hayar gida, da kuɗin wuta ko man janareto, da haraji iri-iri, da albashi. Tun da ba zai iya rage kuɗin haya ba, kuma idan ya ƙara kuɗin makaranta maƙwabcinsa zai kwashe masa ɗalibai, sai ragin ya faɗa kan malami. Shi ya sa da yawa daga cikin waɗannan makarantu ke ɗaukar matasan da suka gama sakandare kawai, a kan albashin da bai kai mafi ƙarancin albashin gwamnati ba, wanda Jihar Legas ta kai Naira 85,000 a 2024. Malamin da ke irin wannan hali, da zarar ya samu aikin da ya fi, sai ya kama gabansa, yara kuma su wayi gari da sabuwar fuska.

Janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya ƙara wa wannan lissafi nauyi, domin kuɗin mota da na takarda da na haya duk sun tashi a lokaci guda, alhali aljihun iyaye ya ƙara ƙuntata.

Rashin amincewar hukuma shi ma yana da nasa tsadar. Sharuɗɗan rajista sun shafi girman fili da irin gini, abin da mai haya a lungu ba zai iya cikawa ba. Makarantar da ba ta da takarda kuwa, da wuya banki ya ba ta rancen gini, kuma ba ta da ikon gabatar da ɗalibanta ga jarrabawar WAEC da sunanta, sai dai ta kai su wata makarantar. Haɗarin ba a kan takarda kaɗai ya tsaya ba. Ranar 13 ga Maris, 2019, wani bene ya rushe a Ita-Faaji da ke Tsibirin Legas, a saman benen kuwa akwai makarantar firamare. Kimanin mutum 20 suka rasu, yara da dama a cikinsu.

Duk da haka, ba daidai ba ne a yi wa waɗannan makarantu kuɗin goro. Iyaye na zaɓensu ne saboda suna kusa da gida a birnin da cunkoson motoci ke cinye sa'o'i, ɗalibai ba su da yawa a aji, mai makaranta kuma yana nan a tsaye, ana iya tunkararsa idan malami ya yi fashi.

Ɓangaren gwamnati

Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta, ta kuma ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin tallafa wa jihohi. Jihar Legas ta kasa makarantun sakandarenta zuwa gundumomin ilmi shida, a 2019 kuma ta ƙaddamar da shirin EKOEXCEL, wanda ya raba wa malaman firamare na'urorin hannu masu ɗauke da darussa, ake kuma lura da zuwansu aiki ta cikinsu. Haka kuma jihar na biya wa ɗaliban makarantunta kuɗin jarrabawar WAEC. Sai dai a 2025 Ma'aikatar Ilmi ta jihar da kanta ta bayyana cewa fiye da rabin ɗalibai kimanin 58,000 da ta biya wa kuɗin jarrabawar 2024 ba su ci ba. Wannan ya nuna cewa kashe kuɗi daban, koyon yaro daban.

Abin da ya shafi fatake da 'yan kasuwa

Hausawa sun daɗe a Legas, musamman a Agege, Idi-Araba, Obalende da kewayen kasuwar Mile 12. Yaron da ya tashi a waɗannan wurare yakan yi Hausa a gida, Yarbanci ko Turancin buroka a titi, Ingilishi a aji, ga kuma Islamiyya da yamma. Wata doka ta 2018 ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantun jihar, na gwamnati da masu zaman kansu, abin da ya kamata uban da ke shirin kawo iyalinsa daga Arewa ya sani tun da wuri. Yawan kai yaro gida da dawo da shi a tsakiyar zango, ko tsayar da shi a rumfa ranakun da kaya suka sauka, na daga cikin abubuwan da ke karya karatun 'ya'yan 'yan kasuwa, ko da makarantar mai kyau ce.

Wanda zai sayi buhun hatsi ba ya tsayawa a kan kyawun buhu, sai ya soka ya ga ƙwayar. Haka ya kamata a yi wa makaranta. Uba na da haƙƙin ya nemi ganin takardar amincewar Ma'aikatar Ilmi, ya tambayi inda ɗalibai ke rubuta jarrabawar fita, ya duba lafiyar ginin da yawan yara a aji, ya ji shekara nawa malamai suka yi a wurin. Gwajin da ya fi kowanne sauƙi kuwa shi ne a ba yaron da ya kai aji uku ko huɗu ɗan rubutu ya karanta, a kuma ba shi lissafin ciniki ya yi. Ga matasan da hankalinsu ya fi karkata ga sana'a, jihar na da kwalejojin fasaha a Agidingbi, Ikotun, Ikorodu, Epe da Ado-Soba, ban da Kwalejin Fasaha ta Yaba da Jami'ar Legas da Jami'ar Jihar Legas ga masu son zurfafawa.

Ga masu jari kuma, buƙatar makarantu masu haɗa boko da Islamiyya a unguwannin Hausawa ba ɓoyayya ba ce. Sai dai tarihin kasuwar ya nuna cewa makaranta ba hajar juyawa cikin wata guda ba ce. Tana bukatar fili mai takarda, da gini mai ƙwari, da albashin da zai riƙe malami shekara da shekaru. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da suka saba haɗa hannu wajen gina masallaci ko sayen mota suna da ƙarfin yin haka, kamar yadda Musulmin Legas suka yi tun 1923.