Ɗumin ruwan burtsatse ba alamar wuta ba ne

Tun ranar Lahadi da aka ci kasuwar Mai'adua wani saƙon murya ke yawo a WhatsApp tare da bidiyo, kafin Laraba ya shigo wayata sau huɗu. A bidiyon, baƙin ruwa ne ke mirgino curin ƙanƙara yana cinye titi. Mai maganar, da irin muryar nan ta wanda ya san komai, ya ce a Nijar abin ya faru, wutar ƙarƙashin ƙasa ce ta jawo shi, kuma ta nufo ƙasar Daura. Alamarta, in ji shi, ruwan burtsatse ya riƙa fitowa da ɗumi. Wanda ya ji haka ya daina sha.

Akwai gaskiya a ciki, shi ya sa ƙaryar ta samu gindin zama: irin wannan ambaliya tana faruwa, amma ba a Nijar ba. A Aisland, tsibirin nan na arewacin Turai, akwai wani makeken tudun ƙanƙara mai suna Vatnajokull da ke kwance a kan duwatsu masu aman wuta. Zafin ƙasa yana narkar da ƙanƙarar daga ƙasanta, ruwan ya taru a kwari, ƙanƙarar ta rufe shi kamar murfin tukunya. In ya yi yawa sai ya ɗaga murfin ya ɓalle. A kogin Skafta haka na faruwa a kai a kai. A ƙarshen Satumbar 1996 dutse ya yi aman wuta ƙarƙashin ƙanƙara mai kaurin fiye da mita 500, ruwan ya yi makonni yana taruwa a tafkin Grimsvotn, ranar 5 ga Nuwamba ya ɓalle. Da ya kai ƙololuwa, kimanin lita miliyan 45 ke wucewa a kowace daƙiƙa, wato jarka mai lita 25 har miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas. Ya share gada, ya yanke babban titin ƙasar, amma ba a rasa rai ko ɗaya ba, don masana na sa ido, an rufe hanya tun kafin ya iso.

To, sai an haɗa abu biyu: ƙanƙara mai kauri da dutse mai zafi a ƙarƙashinta. Nijar ba ta da tudun ƙanƙara, duk wanda ya taɓa ƙetara iyaka ta Kwangwalam ya sani. Maganar cewa wuta na tafiya a ƙarƙashin ƙasa daga gari zuwa gari kamar ɗan koli, ko cewa za ta fasa madatsar Sabke, ba ta cancanci a ɓata mata tawada ba.

Batun ɗumin ruwa shi ne ya dame ni. Jiya gwaggona ta hana jikokinta zuwa famfon unguwa, ta tura su tafki da jarkoki. Ban ga laifinta ba. Da asuba ta sa hannu ta ji ruwan da ɗumi, har da ɗan tururi, ga kuma murya daga waya tana cewa alamar ke nan. Wa zai ƙi tsorata? Na ce mata, "Gwaggo, bara da hunturu ba haka ruwan yake ba?" Ta yi shiru, sannan ta ce haka yake, har da shi take alwala don ya fi na randa daɗin taɓawa.

Amsar ke nan. Ruwan da ke can ƙasa ba ya bin sauyin yanayi, zafinsa kusan ɗaya ne rani da damina, a yankinmu yana wajen digiri 28 zuwa 30. Da hunturu iskar asuba kan sauka ƙasa da digiri 15, hannu ya yi sanyi, sai ruwan ya zama kamar an ɗora shi a murhu. Da bazara, ruwan nan dai shi ake yaba wa sanyi. Gaskiya ne ƙasa na ƙara ɗumi in ana nitsawa, amma kimanin digiri 25 zuwa 30 ne a kowace kilomita, don haka burtsatse mai zurfin mita 100 bai wuce ya samu ƙarin digiri uku ba. In da rana ne kuwa, a dubi baƙin tankin da ke shan rana a sama tukuna. Ko maɓuɓɓugar Wikki da ke Yankari a jihar Bauchi, wadda ɗuminta ya kai digiri 31 dare da rana, wanka ake zuwa yi a cikinta.

Ruwan tafki kuwa an san abin da ke cikinsa. Nan dabbobi ke sha suna kashi, nan ake wanki, nan yara ke kwaso tsargiya da gudawa da taifot. A 2021 kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 3,000, Katsina na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Wanda ya ɗauki wannan saƙo a ɗakinsa, ƙila da ruwan leda a gefensa, can yake tura 'ya'yan mutane.

Wani hanzari ba gudu ba: ɗumi daban, wari daban. In ruwan rijiya ko burtsatse ya canza launi ko ya fara wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, yana iya zama ƙwayoyin cuta ne ko masai da ke kusa ke tsiyaya ciki, kuma gwaji ne kawai zai raba gardama. Wannan a tafasa shi, a kai rahoto sashen lafiya na ƙaramar hukuma.

Ambaliyar da muka sani kuma daga sama take zuwa. Ta Jibiya a Yulin 2018 ruwan sama ne na dare, ya ci rayuka fiye da 40.

Jama'a, duk wanda ya tura wannan saƙo, ya koma inda ya tura shi ya ce ba gaskiya ba ne. Iyaye kuma a mayar da yara famfo.