Me ake nema ga mai horar da 'yan wasan ɗaga ƙarfe?

A duk lokacin da masana wasan ɗaga ƙarfe suke muhawara a kan wanda ya cancanci a kira shi gwanin mai horarwa, da wuya a tashi ba a ambaci Ivan Abadjiev na ƙasar Bulgeriya ba.

Marigayin, wanda ya rasu a shekarar 2017, ya jagoranci 'yan wasan ƙasarsa na kimanin shekaru 20 har zuwa 1989, sannan ya sake komawa daga 1997 zuwa 2000. A hannunsa ne wannan ƙaramar ƙasa ta riƙa ja da Tarayyar Sobiyet.

Ɗagawa iri biyu ake yi a gasa. A ta farko, ɗan wasa zai fizgo ƙarfen daga ƙasa zuwa saman kansa a tashi ɗaya. A ta biyu kuwa, sai ya kai shi kafaɗa tukuna, sannan ya tura shi sama. Sau uku-uku ake gwadawa, kuma wanda ya faɗi duka ukun a ɗayansu ya tashi a tutar babu.

A nan ne idon mai horarwa yake aiki. Shi ne yake zaɓar nauyin da za a fara da shi, yana la'akari da yanayin ɗan wasansa a ranar da kuma abin da abokan hamayya suka nema. Ƙarin kilo biyu da bai dace ba yana iya rusa aikin shekara huɗu.

Abadjiev ya yi watsi da yawancin atisayen da aka saba, ya bar waɗannan ɗagawa biyu da durƙuso da ƙarfe a kafaɗa. 'Yan wasansa suna atisaye sau da dama a yini, kusan kullum da nauyin da ya kusa ƙure ƙarfinsu.

Cikin waɗanda suka ratsa ta hannunsa akwai Naim Suleymanoglu, wanda ya tsere zuwa Turkiyya a 1986 bayan hukumomin Bulgeriya sun tilasta wa Turkawan ƙasar sauya sunayensu. A gasar Olamfik ta Seoul a 1988 ya ɗaga kilo 190, fiye da ninki uku na nauyin jikinsa.

Sai dai a wannan gasar ce aka ƙwace lambobin zinariya biyu daga 'yan Bulgeriya, bayan an gano furosemide a fitsarinsu. Magani ne mai sa yawan fitsari, wanda aka haramta domin yana rage nauyi cikin gaggawa, yana kuma iya ɓoye ƙwayoyin ƙara kuzari. An sake ƙwace musu lambobi uku a Sydney a 2000.

Masu sukarsa suna cewa tsarin nasa tankaɗe ne kawai: kaɗan suke jurewa, sauran kuma rauni ya sallame su ba tare da an ji sunansu ba. Wannan zargi yana da nauyi, ganin cewa akasari da ƙuruciya ake shiga wasan, lokacin da yaro ba ya iya musa wa malaminsa.

Najeriya ma ta ɗanɗana wannan. Shekarar Chika Amalaha 16 lokacin da aka ƙwace zinariyarta a gasar ƙasashen Commonwealth ta Glasgow a 2014, saboda irin waɗannan magunguna masu sa fitsari.