Ƙagaggiyar Duniya a Talabijin: Nazari a Kan Wasan "Welt am Draht"



Abin da zan yi magana a kai shi ne wani wasan kwaikwayo da aka nuna a talabijin na Jamus ta Yamma cikin watan Oktoba na 1973, mai suna "Welt am Draht", watau duniyar da ke rataye a jikin waya. Rainer Werner Fassbinder ne ya shirya shi kashi biyu, tsawonsa ya ɗara awa uku, ya kuwa ɗauko labarin daga littafin "Simulacron-3" wanda Ba'amurke Daniel Galouye ya wallafa a 1964.

Ga yadda labarin yake a taƙaice. Wata cibiyar bincike ta gwamnati ta ƙagi gari sukutum a cikin kwamfuta, ta zuba masa mutane fiye da 9,000 masu tunani da ji, waɗanda ba su san cewa ƙirar na'ura ba ne. Manufar ita ce a lura da halayensu domin a yi hasashen bukatun al'umma na shekaru masu zuwa. Sai shugaban aikin, Farfesa Vollmer, ya mutu ta hanya mai ɗaure kai, aka naɗa Fred Stiller a gurbinsa. Ba da jimawa ba jami'in tsaron cibiyar, Lause, ya ɓace, kowa kuma ya ce bai taɓa sanin mai wannan suna ba. Daga nan Stiller ya bi diddigi har ya gane cewa duniyarsa ma ƙagaggiya ce, akwai wasu a bisa da ke juya ta.

Ƙarfin wasan na farko shi ne dabarar ɗaukar hoto. Fassbinder da mai ɗaukar hotonsa, Michael Ballhaus, ba su nemi na'urori masu ban al'ajabi ba. Madubai da gilasai suka cika ɗakuna da su, har mai kallo ya kasa rarrabe mutum da inuwarsa. 'Yan wasan kuma sukan tsaya ƙiƙam kamar gumaka, su yi magana ba walwala. Ta haka shakka kan shiga zuciyar mai kallo tun kafin ta shiga ta Stiller.

Na biyu, wanda ya fi shafar ma'aikatan hukuma, shi ne batun amana. Darektan cibiyar, Siskins, ya haɗa baki da wani kamfanin ƙarfe domin a karkatar da na'urar da aka gina da dukiyar jama'a ta riƙa yi wa kamfanin hasashen kasuwa. Lalle wannan tambaya ce mai nauyi: in hukuma ta tara bayanan jama'a, wa ke da ikon cin moriyarsu?

To, amma a nan ne rauninsa yake. Bayan wasan ya ɗora wannan tambaya, sai kashi na biyu ya ba da mafi yawan lokacinsa ga gudu da ɓuya, 'yan sanda na farautar Stiller, labari na ta jan ƙafa. Matan wasan kuma galibinsu ado ne kawai, ko sakatarori masu leƙen asiri. Sa'an nan ƙarshen ya yi sauƙi ainun: Eva, wadda ta sauko daga duniyar bisa, ta ƙaunaci Stiller, ta ɗauke hankalinsa ta sa a jikin wanda ya ƙage shi. Mutum ɗaya ya tsira, dubbai na nan a cikin na'ura, ba wanda ya sake waiwayarsu.

Duk da haka wasan ya riga fim ɗin "The Matrix" na 1999 da shekara 26, aka kuma gyara shi aka sake nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2010. Shawarata ga ɗalibai ita ce su kalle shi da idon basira, su fi mai da hankali ga Siskins bisa ga Stiller, domin irinsa ne za su fi gamuwa da shi a ofis.