Daga Bazaga zuwa Jidda: Awa 6 a sama, amma tafiyar ta fi haka

Tsakanin Yamai da Jidda akwai tazarar kimanin kilomita 4,000 a sama. Jirgin fasinja, wanda ke gudun kilomita 800 zuwa 900 a awa guda, kan ci wannan zango cikin awa 5 zuwa 6 idan bai tsaya ko'ina ba. Wannan lissafin ne matasa mazauna ƙetare ke riƙewa idan za su biya wa iyayensu Umara. Sai dai ga dattijon da zai taso daga Bazaga, cikin gundumar Birnin Ƙonni a jihar Tawa, tafiyar ta fara tun kafin ya ga jirgi.

Daga Ƙonni zuwa Yamai fiye da kilomita 400 ne a kan babbar hanya ta 1, ta Dogon Dutsi da Dosso. Motar fasinja kan shafe awa 6 zuwa 7. Wato lokacin da maniyyaci ke kashewa kafin ya isa filin jirgin Diori Hamani ya kai, ko ma ya zarce, wanda zai yi daga Nijar zuwa Saudiyya. Ga kuma awa 3 da kamfanoni ke so fasinja ya iso kafin tashi.

Jirgin kai-tsaye an fi samun sa lokacin aikin Hajji, wanda hukumar COHO ke tsarawa. Mai zuwa Umara galibi sai ya ya da zango. Ta Addis Ababa tazarar kan kai kimanin kilomita 5,400, ta Istanbul kuwa kusan 6,400, ban da zaman jiran jirgi na biyu. Tun ɓarkewar yaƙin Sudan a watan Afrilun 2023, jirage da dama ke kauce wa sararin samaniyar ƙasar, abin da ke ƙara tsawon hanya.

Wani abin da ke rikita iyalai shi ne agogo. Saudiyya na gaban Nijar da awa 2, kuma tikiti na nuna lokacin garin da aka sauka ne. Jirgin da ya bar Yamai ƙarfe 10 na dare ya yi awa 6 zai sauka ƙarfe 6 na safe agogon Jidda, alhali a Bazaga ƙarfe 4 ne na asuba.

Kakanni da suka bi ta Chadi da Sudan a ƙafa shekaru suke yi kafin su ga Ka'aba. Yau kwana ɗaya ko biyu ne, amma wanda ya makara a hanyar Dosso tikitinsa na iya salwanta. Don haka mai saya wa tsohonsa tikiti ya duba tsawon zangon jira kafin farashi, ya kuma sa shi ya kwana a Yamai kafin ranar tashi.