Kafin Ka Doshi Hawan Kibo, Duba Lagireto

'Yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun, musamman mutanen Gangare ta Jos, da yawa sukan sayi mota 'yar Kwatano don zuwa gida Salla. Samari kuwa sun fi son ƙaramar motar nan mai ƙofa biyu, irin ta tsere. To, jama'a, kyawun fenti ba shi ne lafiyar mota ba. Abin da za a fara dubawa shi ne hanyar ruwan da ke sanyaya inji.

Ikko tana bakin teku ne, Jos kuwa tana bisa tudu kimanin mita 1,200. A Ikko ruwa yana tafasa a digiri 100, amma a Jos bai wuce wajen 96 ba, domin iskar can ba ta da nauyi. Motar da ta baro Akwanga ta kama Hawan Kibo da kaya a bayanta tana aiki da ƙaramin giya, inji na ta kuka, iskar da ke bugun lagireto kuwa ta ragu. A nan ne duk wani aibun da ta ɓoye a Kurmi yake fitowa fili.

Da farko a duba murfin lagireto. Shi ne ke matse ruwa har ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. Idan robarsa ta mutu, a canja shi, kuɗinsa kaɗan ne. Sa'an nan a matsa tiyo da hannu lokacin da inji ya huce. Wanda ya kumbura, ko ya bushe ya tsage, ba abin tafiya ba ne. A duba fambel, da fanka, da famfon ruwa ko yana yoyo.

Har ila yau, akwai ɗan ƙarfen nan da makanikai ke kira tamostat. Waɗansu sukan cire shi su jefar, wai na ƙasar sanyi ne. Wannan kuskure ne. Aikinsa shi ne tsare ruwa sai inji ya ɗumama zuwa digiri 80 ko 90, sa'an nan ya buɗe. Wanda ya san asubahin hunturu a Gangare ya san amfaninsa, domin injin da bai ɗumama ba yana shan mai, yana kuma saurin cinyewa.

Kada a zuba ruwan rijiya zalla. Yana kawo tsatsa, yana toshe ƙananan hanyoyin lagireto, yana kuma cin kan inji, wanda a irin waɗannan motoci na alminiyam ne. A sayi ruwan sanyaya inji irin wanda littafin motar ya ambata, in mai kauri ne a gauraya shi rabi da rabi da ruwan batir tatacce. Tsohon irin nan kore ana canja shi duk shekara 2. A ɓoye shi daga yara da awaki, domin yana da zaƙi amma guba ne.

Idan allura ta kai ja a kan hanya, a ratse gefe a kashe mota. Kada a kuskura a buɗe murfi da zafinsa, tururi yana saɓule fatar mutum. Wanda ya ce bari in lallaɓa in ƙarasa, gasket ne zai ƙone, kan inji ya lanƙwashe, kuɗin ragon Salla ya tafi wurin makaniki. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya kai kowa gida lafiya, amin.