Sikila: Jinin Jarirantaka da Masana Ke Ƙoƙarin Farfaɗowa

Ka taɓa lura cewa jariri mai sikila ba ya nuna alamar ciwo a watanninsa na farko? Sai ya doshi wata shida a fara ganin kumburin hannu da ƙafa, ga kuka babu ƙaƙƙautawa. Dalilin wannan jinkiri shi ne tushen manyan binciken da aka yi kan cutar a 'yan shekarun nan.

A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai sinadarin himogulobin, mai dakon iskar oksijin. Na mai sikila ya bambanta da na sauran mutane a gurbi ɗaya tak: a matsayi na shida a jerin tubalan da suka gina shi, wani tubali mai suna balin ya zauna inda gulutamik ya kamata ya zauna. Da zarar oksijin ya yi ƙasa, himogulobin ɗin sai ya manne wa juna ya yi sanda-sanda, ƙwayar ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Ƙwayar mai lafiya kan yi kwana 120, ta mai sikila kuwa da ƙyar take wuce 20.

Amma ɗan tayi yana da nasa himogulobin daban, wanda ba ya mannewa. Bayan haihuwa ne jiki ke rufe shi a hankali, kuma wata ƙwayar gado mai suna BCL11A ce makunnin da ke kashe shi. To, idan aka hana ta aiki fa?

Abin da maganin Casgevy ke yi ke nan. Birtaniya ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka ta biyo baya a Disamba. Ana ciro ƙwayoyin ɓargon majiyyaci, a yi musu gyara da fasahar CRISPR, a mayar masa. Cikin mutum 31 da aka bibiya, 29 sun yi shekara cur ba tare da tashin ciwo mai tsanani ba. Sai dai kuɗinsa dala miliyan 2.2 ne, kuma kafin a mayar da ƙwayoyin sai an share tsohon ɓargo da magani mai ƙarfi da kan iya hana haihuwa. Ga iyayen da ke Unguwar Mu'azu a Kaduna, gaskiya wannan kallon kitse ne kawai a yanzu.

Binciken da ya fi shafar su a nan gida aka yi shi. Haidroksiyuriya tsohon magani ne na haɗiya, shi ma yana ƙara wancan himogulobin na ɗan tayi, ko da yake bai kai Casgevy ba. Gwajin SPRING, wanda mujallar Lancet Haematology ta buga a 2022, an yi shi ne a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Murtala, da kuma Barau Dikko a Kaduna. An ɗauki yara 220 'yan shekara 5 zuwa 12 da ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Wasu aka ba su miligiram 10 kan kowane kilo na nauyinsu kullum, wasu 20. Yara uku ne suka gamu da shanyewar a rukunin farko, biyar a na biyu, bambancin da bai kai a ce wani ya fi wani ba. Masu shan 20 dai sun fi ƙarancin kwanciya asibiti.

Ka san me ya sa wannan ke da nauyi? A Amurka, ƙarin jini duk wata ake yi wa irin waɗannan yara. Wanda ya taɓa yawon neman leda ɗaya ta jini da tsakar dare ya san wannan ba zai ɗore mana ba.

Ana gano yaron da ke cikin haɗari da hoton TCD, na'urar da ake ɗorawa a gefen kai ta auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Babu allura, babu zafi. Idan gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, haɗarin ya yi yawa. Ana son a riƙa yin sa duk shekara daga shekara 2 zuwa 16. In kina da yaro mai SS, ki tambayi likitansa wannan hoto da sunansa. Maganin kuma kada a saya a kemis a fara da ka, domin yana iya rage fararen ƙwayoyin jini, shi ya sa likita ke auna jinin yaro lokaci-lokaci yana daidaita adadin da nauyinsa.