Tsohuwar Majema a Ƙasar Mafara

Abin da ya kai ni wani ƙauye tsakanin Talata Mafara da Bakura shi ne neman sanin halin wata rijiya da ke gefen tsohuwar majema, wadda aka daina jima a cikinta tun da fatake suka koma kwasar ɗanyun fatun jajayen awaki zuwa masana'antun Kano. Bayan gaisuwa da ruwan maraba, aka haɗa ni da wani dattijo da ya gaji sana'ar, ya kuma yi ƙuruciyarsa a masana'antun jima na Challawa.

Baba ya ce da toka da kashin tantabara da bagaruwa kakanninsa suke jima, kuma ko da yake ɗoyinta na korar baƙo, damina na wanke shi; amma a Challawa da Sharaɗa da sinadarin kuromiyam ake yi, dagwalon ya gangara kogi, masu lambu su ɗiba.

Sai ya kawo wata mas'ala da ta girgiza ni. Malaman fiƙihu, in ji shi, sun karantar da mu cewa ruwa yana nan da tsarkinsa muddin launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa bai jirkita ba, hukuncin kuwa daidai ne a babin ibada, sai dai gubar wannan zamani tana iya shiga ruwa ko ƙasa ba tare da ta taɓa ko ɗaya daga sifofin uku ba. Hujjarsa tana nan maƙwabta: a 2010 gubar dalma, wadda ta fito daga duwatsun zinare da ake dakawa a tsakar gida, ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun ba da magani, amma magani ba ya amfanar yaron da zai koma rarrafe a gurɓataccen wuri, shi ya sa sai da aka kankare ƙasar gidaje, aka binne ta nesa, aka zubo sabuwa. Ƙauyen Bagega kuwa sai a 2013 ya samu wannan aiki.

Rijiyar majema ba ta damun Baba. Jikokinsa ne ke hana shi barci, waɗanda talauci ya tura haƙar zinare wajajen Maradun, domin haka ya yi musu sharaɗi cewa kada wanda ya shigo masa da dutse ko tufafin aiki gidan da ake goyo.